Kwanan Watan da ke Ƙasan Waƙar Ishtiyak

Basirabad,
14 ga Nuwamba, 1984.

Zuwa ga yayata, Apa Shagufta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar ƙanwa ga yayarta, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Bhai Inam da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sassauta muku sanyin Toronto da kika ce yana shiga har cikin ɓargo. Mu ma a nan muna lafiya gwargwadon hali. Gwiwoyin mahaifiyarmu Ammi suna nan yadda kika san su, yanzu a kan kujera take salla, kuma tana shan maganin da kika aiko, sai dai ta ce na mai maganin gargajiya Hakim Sahib ya fi shi ɗaci, saboda haka ya fi shi aiki. 'Yata Mahwish ta shiga aji huɗu, ta zubar da haƙora biyu, ta kuma gano cewa uwarta ba ta san komai ba. Jaririn Farhat, matar ƙanenmu, ya yi wata biyar. Goshinsa da kunnuwansa na ƙanenmu Tahsin ne sak, bai bar wa uwarsa komai ba, kuma har yau ubansa bai ɗauke shi ba. Ni kuwa ina nan a kwalejin 'yan mata ina koyar da tarihi, ina gaya wa yara abin da sarakuna suka yi alkawari da abin da suka aikata.

Ba ta gidan waya na aiko wannan ba. Na ɗinke ta a cikin bargon da Ammi ta ba Nasrin ta kawo miki, kuma ita kanta Nasrin ba ta san abin da ta ɗauko ba. Kin san takardun da ke fita waje kwanakin nan, wasu kan riga mai su karantawa. Idan kin farke gefen da na yi wa ɗinki da jan zare, bayan wannan takarda za ki ga wani ƙaramin littafi mai baƙin bango. Kada ki buɗe shi sai kin gama karanta abin da zan faɗa miki.

Wasiƙarki ta iso tun watan jiya. Kin ce kaset ɗin waƙar mijina Ishtiyak ya iso muku, kun taru a falonki kun saurara sau goma sha ɗaya, har Bhai Inam da bai san waƙar gazal daga rasidin wuta ba ya share hawaye. Kin ce babu ɗan sandan da zai tsaya a gaban jama'a a wannan zamani ya yi wa fursuna kuka sai mai zuciya, kin ce Abba bai yi zaɓen banza ba da ya ba shi ni. Na karanta wurin nan sau uku, Apa. Na so in amsa miki da cewa amin, in wuce. Amma a duniya ke kaɗai ce kika yi nisan da zan iya gaya wa gaskiya ba tare da ta ƙona wani ba.

Kin tuna Ishtiyak lokacin da ya fara zuwa gidanmu, kafin ki tafi. Ƙaramin sufeto ne siriri, ya jingina kekensa a gindin darbejiya, ya cire takalma da hula, ya zauna can ƙarshen tabarma a bayan sauran ɗaliban Abba, da waƙoƙinsa a rubuce a bayan takardun caji ofis. Ke ce kika ce duk wanda ya juya gazal ɗinsa zai ga rahoton satar akuya. Abba ya yi masa gyara shekara shida kafin ya yarda ya tsaya a mushaira, taron mawaƙa, ya karanta baiti ɗaya a bainar jama'a. Da maganar aurenmu ta taso, Ammi ta ce ita ba ta son kaki a gidanta, Abba ya ce mutumin da ya san inda baiti ke karyewa, da wuya ya karya ƙashin mutum a banza. Ni kuma ina sabuwar dawowa daga jami'a a Lahore da digiri biyu da girman kai na uku, na ga wannan magana ta yi ma'ana. Shekara goma sha ɗaya na zauna da shi a kan wannan ma'ana. Ban taɓa ganin ya kawo buhun shinkafar da bai saya ba. Mutanen kasuwa suna ce masa Sha'ir Sahib, ɓarayin shanu ma in ya kama su sukan roƙe shi baiti ɗaya kafin a rufe su. Rubutun hannunsa kuwa na ɗan sanda ne, ba mai iya karanta shi sai ni, don haka duk Juma'a da hantsi ni nake kwafe masa waƙoƙinsa a babban littafi.

Labarin Tahsin kin san rabinsa. Shi da abokansa malaman makaranta sun buga takardu suna neman soja su koma bariki a yi zaɓe, aka fara nemansa, ya ɓace tun Satumbar bara. Abin da ba ki sani ba shi ne, ni na san hanyar da saƙo ke kai masa. Wata abokiyar aikina ce ke karɓa, ta ba wani, shi ma ya ba wani. Mutum uku ne suka ɓoye shi bi da bi, kowannensu da iyali. Ban taɓa gaya wa Ishtiyak ba, shi ma bai taɓa tambayata ba, kuma na ɗauki wannan shirun nasa a matsayin mutunci.

Sai cikar shekara ɗaya da rasuwar Abba ta matso. Kin san al'adar: ɗalibai su taru a tsakar gidan malami, kowa ya karanta waƙa, sannan a naɗa wa wanda zai gaje shi rawaninsa, daga ranar shi ne Ustad, shi ke gyara wa sauran. Kowa ya san Ishtiyak ne. Amma Hakim Sahib, wanda shi ne babba a cikinsu, ya kafe cewa rawanin malami ɗansa ne ke naɗa shi da hannunsa, haka aka yi wa Abba, haka aka yi wa malamin Abba, in babu ɗa a wurin to a ninke rawanin a mayar akwati har sai ya dawo, ko da shekara ashirin ce. Ya ce shi bai ga dalilin da zai sa a canza al'adar shekara ɗari don wani janar ya tashi da ciwon kai ba.

Apa, ina so ki lura, Ishtiyak bai taɓa cewa in kira Tahsin ba. Ajiyar zuciya kawai ya riƙa yi. Ya ce shi ya haƙura da rawanin, ba zai sa yaron nan cikin haɗari don tsumma mai tsawon yadi bakwai ba. Ya ce abin da ke damunsa Ammi ce, da za ta zauna a bayan labule a ranar tunawa da mijinta babu ɗanta. Bayan kwana biyu ya ambata, kamar wanda ke maganar farashin albasa, cewa ranar Juma'ar nan duk 'yan sandan garin za a kwashe su zuwa kasuwar baje kolin dabbobi a garin da ke gaba, saboda wani babban baƙo, ko mai gadin banki ba za a bari ba. Ni da kaina na haɗa ɗaya da ɗaya, na ji daɗin basirata. Na ce masa in da za a samu Tahsin ya shigo na awa biyu fa? Ya ce kada in sa shi cikin abin da bai kamata ya sani ba. Na ce ya rantse. Mahwish tana zaune tana aikin gida, ya ɗora hannunsa a kanta ya rantse cewa ƙanena zai shiga lafiya ya fita lafiya. Da hannuna na rubuta wa Tahsin. Na ce masa Bhai Ishtiyak ya ɗora hannu a kan Mahwish.

Ranar Juma'a, ashirin ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa fararen zannuwa a tsakar gida. Tahsin ya shigo tare da masu dafa shinkafar biryani, yana riƙe da kunnen tukunya ɗaya, ya tara gemu, ya rame har Ammi ta wuce shi ba ta gane ba. Da ta gane, sai da na toshe mata baki da mayafina. Aka kunna kyandir da rana tsaka, kamar yadda Abba yake yi tun da idonsa ya hana shi zaman dare, aka riƙa ajiye shi a gaban mai karatu, daga ƙarami zuwa babba. Hakim Sahib yana ta cewa wah wah a wuraren da ba su dace ba, don kunnensa ya tafi. Da kyandir ya zo gaban Tahsin sai ya ce shi ba mawaƙi ba ne, ɗan mawaƙi ne, kuma kowa ya san 'ya'yan likita su suka fi kowa tari. Aka yi dariya. Ya karanta baiti biyar na Abba. Daga nan aka fito da rawanin, Ishtiyak ya durƙusa, Tahsin ya tsaya a kansa yana naɗawa, yana tsokanarsa cewa kan 'yan sanda ya fi na mutane girma, yadi bakwai ba zai isa ba. Suka rungumi juna. Ina leƙe ta labule, na ga hawaye a fuskar mijina, kuma har gobe ba na shakkar cewa hawayen gaske ne.

Da aka ce a ci abinci, maza suka nufi bakin zaure inda aka ajiye buta da daro. Tahsin ya sunkuya ana zuba masa ruwa, sai mutum huɗu cikin fararen kaya suka shigo, baƙi ne daga babban birni, suka sa masa ankwa hannunsa bai bushe ba. Ishtiyak ya yi tsawa, ya faɗi muƙaminsa, ya ce wannan gidan malaminsa ne, har ya shaƙe wuyan rigar ɗaya daga cikinsu, suka ture shi ya faɗi a kan daro. Duk unguwa ta gani. Biryanin kuwa masallaci aka kai.

Bayan mako uku Ishtiyak ya tsaya a mushaira a Lahore da rawanin Abba a kansa, ya karanta waƙar da kike da ita a kaset. Kin san baitin da ake ta maimaitawa: hannun da ya naɗa min rawani shi aka ɗaure a ƙofa, ruwan wankinsa bai bushe ba, ni kuma idona bai daina ba. An ce mutane sun miƙe tsaye. Ofishinsu ya aiko masa da takardar tuhuma, aka mayar da shi kula da motoci a mahaɗar hanya, masu keken haya na riksha suna tsayawa su sumbaci hannunsa. Wata biyu ya yi yana wannan horo. A watan Agusta aka ƙara masa girma. Na ce a raina lallai gwamnatin nan tana da saurin yafiya, amma ban zurfafa ba. Ni a lokacin kunyarsa nake ji, don gani nake ni na jawo masa.

A Satumba wani mai buga littattafai ya ce yana son ya fitar da diwaninsa. Ishtiyak ya kwaso min ƙananan littattafan aljihunsa, waɗanda yake fara rubuta waƙa a ciki, ya ce in duba ko akwai abin da ban kwafe ba. Kin tuna dokar Abba: duk wanda ya kawo masa waƙa babu kwanan wata da wurin da aka rubuta ta a ƙasa, sai ya mayar masa ba tare da ya karanta ba. Yakan ce mawaƙi ya yi ƙarya a kan wata da taurari in ya so, amma ba a kan ranar da ya riƙe alƙalami ba. Ina zaune a baranda da hantsi, shayina a gefe, na buɗe baƙin littafin na kai ga waƙar. Tana nan da gyare-gyarenta, da rawanin, da ƙofar, da ruwan da bai bushe ba. A ƙasa an rubuta: ofis, bayan azahar, Litinin, sha shida ga Afrilu.

Na fara cewa kuskure ne, don mutum yakan so mijinsa ya zama mai kuskure. Amma aikina ke nan, Apa, da shi nake cin abinci. Na duba shafin baya, sha huɗu ga wata. Na duba na gaba, sha takwas ga wata, wata 'yar waƙar barkwanci ce da ya yi wa abokin aikinsa mai ritaya, kuma na tuna walimar, ni na guge masa rigar da ya sa. Littafin ɗinkakke ne, babu shafin da aka cusa. Tawada ɗaya ce. Wato kwana huɗu kafin ƙanena ya sunkuya a kan daro, mijina ya san a bakin ƙofa za a kama shi, ya san lokacin wanke hannu ne, ya kuma samo wa abin ƙafiya. Na zauna har shayin ya yi sanyi. Abin da na fi jin haushi a wannan zama shi ne, ko a lokacin ban iya cewa waƙar ba ta da kyau ba. Ita ce mafi kyau da ya taɓa yi.

Washegari bayan Mahwish ta tafi makaranta, Ishtiyak yana goge bel ɗinsa, na ajiye littafin a buɗe kusa da farantinsa. Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Bai musa ba. Ya ce jami'an tsaro sun riga sun gano yankin da Tahsin yake, saura ƙauyen, kuma umarnin da aka bayar na samame ne, ni kuma ban taɓa ganin abin da ake kwasowa bayan samame ba, shi ya gani, shi ke rubuta rahoton. Ya ce ya je ya roƙi manyansa su bar shi ya kawo yaron da ransa da ƙasusuwansa cikakku, kuma ya kawo. Na ce me ya hana ya gaya min? Ya ce da na sani ba zan rubuta takardar ba. Wannan gaskiya ce, na ba shi ita. Na ce rantsuwar da ya yi a kan 'yarsa fa? Ya ce ya yi azumin kaffara kwana uku. Sai na tuna, Apa, a makon taron ya yi azumi uku, ni na dafa masa abin sahur, ina ta sa masa albarka a zuciyata don na ɗauka ladan Abba yake nema.

Na tambaye shi yadda aka yi mutum ya zauna ya yi wa abu makoki tun kafin ya aikata shi. Ya ce Nuzhat, ke ba ki san yadda waƙa take zuwa ba, ranar da aka gama tsara abin ya koma ofis ƙirjinsa kamar zai fashe, ta zo masa gaba ɗaya, bai neme ta ba. Na ce to da ya rubuta, me ya sa bai sa wani kwanan watan ba, shi da ya san ni ke kwafewa? Ya dube ni kamar na ce ya ci naman alade. Ya ce Ustad Ji ya hana mu ƙarya a kwanan wata. Na yi dariya har sai da na riƙe bakin tebur. Abba ya yi shekara ashirin yana koya wa mutumin nan gaskiya, kuma ta zauna daram, a layi ɗaya na ƙasan shafi.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma a farkon Oktoba, ana saura mako uku a kai Tahsin kotun soja, ya zo min da wata takarda. Takardar neman afuwa ce, in Tahsin ya sa hannu za a sake shi kafin a zauna. A ƙasanta akwai layi uku da aka bari fili, na sunayen waɗanda suka ɓoye shi. Ya ce tambayoyi kawai za a yi musu a sallame su, ya ɗauki alkawari. Ya ce ni zan kai, don Tahsin ba ya musu da ni. Ya faɗi haka yana kallon idona, mako biyu bayan maganar littafin. Na ce masa ashe a ofishinsu ba a canza ƙugiya in ta taɓa kamawa. Ya turo min ita gabana. Na karɓi takardar, don Farhat tana ɗakin Ammi da jariri a cinya, kuma ta riga ta ji cewa akwai hanya.

A kurkuku ana ganawa ne ta raga biyu, gandiroba yana kai da kawo a tsakani, kowa yana ihu don nasa ya ji. Tahsin ya fito yana murmushi. Kafin in ce komai ya fara rera min waƙar. Ya ce duk ɗakinsu an haddace ta, har masu kisan kai suna kuka, wai ana nuna shi ana cewa ga mai hannun. Ya tambaya ko Bhai Ishtiyak ya sha wahala sosai saboda shi. Aka miƙa masa takardar ya karanta, fuskarsa ta canza a wurin layukan uku. Na faɗa masa alkawarin da aka yi game da mutanen. Ya ce da wani ne ya faɗa ba zai yarda ba, amma wanda ya ce ɗin yanzu shi ne a mazaunin Abba, shi da kansa ya naɗa shi, kuma mutumin da ya sa aikinsa a wuta dominsa ba zai yaudare shi ba. Ya kira ni Baji kamar yadda ya saba, ya ce ki ce in sa, in sa. Ya nemi aron alƙalami a wurin gandiroba.

Apa, ina da daƙiƙa kaɗan. In na yi shiru, ƙanena yana gida kafin Juma'a yana ɗauke da ɗansa, wasu gidaje uku kuma su karɓi abin da muka karɓa, a kan alkawarin da na riga na san nauyinsa. Ban ce masa kada ya sa ba. Na ce akwai abin da ya kamata ya sani kafin ya sa, na gaya masa kwanan watan da ke ƙasan waƙar. Saboda hayaniya bai ji ba, sai da na ɗaga murya na maimaita, ina ihu da ranar Litinin kamar mai tallan kayan miya. Ya ce sha shida? Na ce sha shida. Ya ce har da ruwan? Na ce har da ruwan. Ya tsaya yana kallon hannuwansa. Can ya yi wata 'yar dariya ya ce dama tun farko ya ji baiti na uku yana ɗingishi, da Abba na nan da ya sa an sake shi. Ya mayar wa gandiroba alƙalaminsa, ya turo takardar yadda ta zo. Ya ce in gaishe da Ammi, in ce mata yana cin abinci.

Ranar ashirin da tara ga Oktoba aka yanke masa shekara uku da bulala goma. An yi bulalar. An mayar da shi wani kurkuku a kudu, tafiyar awa tara a jirgin ƙasa. Mutanen nan uku suna gidajensu, ba su ma san an taɓa barin musu layi a takarda ba. Farhat ta daina yi min magana. Abin da ta sani shi ne na tafi da takardar sakin mijinta na dawo da ita babu sa hannu, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ammi kuwa duk bayan salla sai ta ambaci Ishtiyak da suna, ta ce Allah ya saka wa wannan yaro da ya tsaya mana. Nakan ce amin, don likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki wani labarin ba. Ni na fito da Tahsin daga inda yake ɓoye, ni kuma na hana shi fitowa daga inda yake yanzu. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga inda zan ce na yi daidai gaba ɗaya ba, kuma ba na neman ki ce min na yi.

Za ki tambaya me nake yi a gidan Ishtiyak har yanzu. A can kudu ba a barin dangi su ga fursunan siyasa sai da takardar izini, sabuwa kowane wata, kuma mutane suna yin wata shida suna bin ta ba su samu ba. Tawa ta zo tun ranar ɗaya ga watan nan, a kan teburin cin abinci, a ƙarƙashin kwanon sukari, don wanda ke sa mata hannu abokin Ishtiyak ne kuma mai son waƙoƙinsa. Bai taɓa cewa wannan a bakin wancan ba, kin san shi ba ya faɗin irin wannan da baki. Ni ma ban taɓa cewa na gane ba. Yana fita da kakinsa da safe, ranar Alhamis da yamma ɗalibai su zo ya ɗaura rawani ya yi musu gyara, ni kuma in aika musu da shayi. Kwafe waƙa ne kawai na daina. Na ce idona ya fara ciwo, ya ce Allah ya sawwaƙe. Littafin kuma bai tambaye ni ba, amma sau biyu na tarar an taɓa akwatina, an mayar da komai daidai fiye da yadda na bari.

To ga abin da nake roƙonki. Ki ajiye littafin inda ruwa da yara ba za su kai ba. Kada ki gaya wa kowa, har Bhai Inam, don kin san shi, kafin sallar isha duk masallacinku ya ji, kafin mako ya dawo nan, ni kuma in rasa takardata. In Ishtiyak ya aiko muku da katin salla ki amsa masa kamar kullum. In baƙi sun ce a sa kaset ki sa musu, in kuka ya zo miki ki yi, waƙar ta cancanta. Kada ki rubuto min komai a kan wannan ta gidan waya. In saƙon ya iso, ki ce bargon ya yi ɗumi, zan gane. Ranar da Tahsin ya fito, ki zo da littafin da kanki ki sa shi a hannunsa. Ko ya karanta wa ɗaliban Abba, ko ya ƙona shi, wannan nasa ne, shi ya biya da bayansa. Ni abin da zan yi da aurena na riga na san shi, jiran ranar kawai nake. Jibi zan hau jirgin safe in je in gan shi, na soya masa halwar karas, in gandirobobi sun bar masa rabi to mun gode.

Ki gaishe min da Bhai Inam da kyau, da Samina da Adil, ki ce wa Adil na ga hotonsa, ya aske wannan gashin kafin kakarsa ta gani. Ki gaishe da Khala Zarina in kin je wurinta. Ammi tana gaishe ku tana sa muku albarka, Hakim Sahib ya ce a gaya miki har yanzu yana nan bai mutu ba. Mahwish ta ce a tuna miki da fensira masu launi. Ki sa Tahsin a addu'a, da Farhat da ɗanta, in akwai saura ki sa ni. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Nuzhat.